Wanda Ya Nuna Rumbu

Shafi na 23

Masu cika min waya da saƙo tun shekaranjiya, na ji ku. Wuta ce babu a unguwarmu. Masu zagin Manzo kuma ku ɗan dakata, ku karanta wannan tukuna. Ga waɗanda suka shigo yanzu: a shafin baya mun bar Yahaya ya sauka daga kamyo, babbar motar kaya, a tashar Tasawa, sojoji sun sake shi bayan damina biyu a gidan kaso, kuma babu wanda ya san ya fito. Bai nufi ƙauyensu ba. Gidan Manzo ya tambaya, abokinsa da suka yi karatun finansi, wato harkar kuɗi, tare a jami'a.

*

Tun daga bakin lungun ya ji muryar maroƙi.

"Sunan yaro Yahaya. Allah shi raya Yahaya ɗan Manzo, jikan maigari Mahmudu."

Ya tsaya cak.

Da farko ya ɗauka kunnensa ne, don a kaso ma yakan ji ana kiransa alhali babu kowa. Amma maroƙin ya sake maimaitawa, mutane suka shafa fatiha.

Jikan maigari Mahmudu. Mahaifinsa ke nan. Kuma 'ya ɗaya ce ta rage wa mahaifinsa a gida lokacin da aka kama shi, ƙanwarsa Zara'u.

Ya ƙarasa. Tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida, ana raba goro. Wani ramammen rago ɗaure a gindin bishiyar bedi, sabuwar mobilet, ƙaramin babur, jingine da bango. Manzo na tsaye cikin farar shadda, ya yi ƙiba, wuyansa har ya ninke.

Manzo ne ya fara ganinsa. Goron da ke hannunsa ya zube.

"Yahaya? Kai ne? Alhamdu lillahi, yaushe aka..."

"Kada ka taɓa ni."

Surutu ya ɗauke. Duk ido ya koma kan wannan mutum mai askin kwal-kwal da rigar da ta yi masa yawa.

Yahaya ya wuce Manzo kamar bai gan shi ba, ya je gaban dattijon da ke zaune a tsakiyar tabarma, ya durƙusa.

"Baba, ina kwana."

Maigari Mahmudu bai ɗago ba. Carbinsa yake kallo, sandarsa mai kan tagulla ajiye a gefensa.

"Lahiya lau. Allah ya hiddo ka."

"Ya hiddo ni."

"To ku shiga ciki. Nan ba wurin magana ba ne."

*

Tsakar gida cike take da mata. Mahaifiyarsa, Inna Talatu, na zaune can gefe ita kaɗai a kan turmi, ta juya wa tukwanen abinci baya. Ba don son ranta ta zo gidan nan ba. Rijiyar ƙauyensu ce ta ƙafe, babu ruwan wankan jego, dole ta biyo 'yarta Tasawa.

Sai ta hango ɗanta. Ta taso tana lalube kamar makauniya, ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta shafa kumatunsa, ta shafa inda haƙora suka fita.

"Sun ba ka abinci kuwa?"

"Suna ba mu, Inna."

"Ƙarya kake."

Ya cire hannunta a hankali, ya juya. Manzo ya shigo, yana tsaye bakin zaure.

"Sunana ka sa wa ɗanka."

"Na sa."

"Wa ya ba ka?"

"Yahaya, ka zauna ka sha ruwa. Tahiya ka yi."

"Na ce wa ya ba ka? Lisansin jami'a ka samu. Aikin banki ka samu. Ƙanwata ka samu. Sunan ne kaɗai ya rage min, shi ma ka ɗauke?"

Matan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka tsaya a bayan danga, don irin wannan ba a bari ta wuce.

Manzo ya ce, "Ba haka ba ne."

"To yaya ne? Ka koya min, mushe, tunda malami ka zama. Kai ne mai diplom yanzu." Ya matso. "Ka tuna shekarar farko? Ka faɗi egzama na lissafin ruwan banki, ka zauna bakin gado kana kuka, ka ce gida za ka koma ka bi awakin babanka. Wa ya hana ka?"

"Kai ne."

"Wa ya zauna da kai kan kontabilite, lissafin shige da ficen kuɗi, har ka gane hagu da dama? Wa ya raba bursinsa, kuɗin tallafin karatu, da kai watan da aka riƙe naka?"

"Kai ne. Ban taɓa musu ba."

"Memuwar da ka kare, binciken gama karatu, ta farashin gero a shekarar fari, taken wa ne?"

Manzo ya sunkuyar da kai.

"Naka ne."

"Nawa ne. 'Yan watanni suka rage mana mu gama tare. Tare muka zauna muka yi lissafin nan, ni da kai. Hatsin taimako na shigowa ƙasa, tiyar gero na ƙara tsada a kasuwa. Kai ma da bakinka ka ce duk wanda ya yi shekara ɗaya a ajinmu ya san wani ne ke sayarwa. Ranar taron ɗalibai ni na miƙe a amfi, babban zauren karatu, na faɗa. Kai kana ina?"

"Ina zaune."

"Kana zaune."

"Wannan na yarda da shi," in ji Manzo. Muryarsa ta yi ƙasa. "Tsoro na ji, ban tashi ba. In don wannan ne, ka zage ni har gobe. Amma ɗayan, wallahi ban yi ba."

Yahaya ya yi wata dariya marar daɗi.

"Da aka rufe jami'a aka fara neman mu, wa ya raka ni gida?"

"Ni."

"Wa ya ce in ɓuya a tsohon rumbun gonarmu ta arewa, hanyar Issawane, tunda babu mai zuwa can?"

"Ni."

"Mutum biyu suka san ina cikin rumbun nan. Kai da Baba. Sojoji ba su duba ɗaki ba, ba su duba masallaci ba. Kai tsaye suka zo suka ɗaga murfin. To faɗa min, aljani ne ya nuna musu?"

Manzo ya dubi ƙofar ɗakin mai jego.

Inna ta ce, "Ba shi da ta cewa. Tun ranar nake tambayarsa. Ni ban taɓa cin abincin gidan nan ba, Yahaya. Garina nake damawa da hannuna. Ubanku ne ya ɗauki yarinya ya ba shi, na yi magana anka ce in yi shiru."

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Manzo.

"Kada ka ce min Inna."

Yahaya ya ɗaga hannunsa na dama, ya kai shi dab da fuskar Manzo. Yatsu biyu sun karkace, sun warke a haka.

"Duba. Ka duba da kyau. Da wannan zan riƙe bik in yi rubutu? A can, don kada hankalina ya gushe, da gawayi nake rubuta darussanmu a bango, da hannun hagu. Duk abin da aka koya mana kan kuɗin ƙasa sai da na rubuta. Gardi ya zo ya goge, in sake. Kuma duk layin da na ja, fuskarka nake gani."

"Yahaya..."

"Mi suka ba ka? Aikin ne? Ko mobilet ɗin can?"

"Ba su ba ni komi ba."

"Rantse da Alkur'ani."

"Na rantse."

"To wa ya nuna?"

Manzo ya girgiza kai.

"Wa ya nuna?"

"Ba zan faɗa ba."

Yahaya ya cakumi wuyan shaddar, ya haɗa shi da bango. Ƙarfin da babu wanda ya zaci ya rage a jikinsa ya fito. Hular Manzo ta faɗi cikin kwatami. Manzo bai ɗaga hannuwansa ba, ya bar su a sake.

"Ka rama mana. Rama."

"Ba zan rama ba."

Labulen ɗaki ya buɗe.

"Yaya, sake shi."

Zara'u ce, da jariri a kafaɗa, lalle bai gama bushewa a ƙafarta ba. Wata tsohuwa na jan zanenta daga baya tana cewa mai jego ba ta fitowa haka. Ta fizge.

"Koma ɗaki," in ji Yahaya. "Ke ma zan zo kanki."

"Zo kaina yanzu. Na ce ka sake shi."

"Ba ki ji kunya ba? Ina can ana taka ni, ke kina nan kina shiga ɗakin wanda ya sayar da ni?"

"Bai sayar da kai ba."

"Ke kin sani?"

"Na sani."

Manzo ya yi magana da ƙyar, wuyansa a shaƙe. "Zara'u, ki yi shiru. Mun yi alkawari."

"Na gaji da alkawarin. Ana tofa maka miyau a kasuwa ka yi shiru. Uwata ba ta amsa gaisuwarka ka yi shiru. Yau kuma a kashe ka ranar sunan ɗanka?"

Ta miƙa wa tsohuwar jaririn, ta tako har gaban wanta.

"Ranar da aka kama ka, wa ke kai maka fura?"

Yahaya ya dube ta.

"Baba."

"Baba yake kaiwa kullum. Ran nan bai ɗauka ba. Ya bar ƙwaryar a zaure. Ni ban san inda kake ba, amma na san kullum arewa yake yi da ita. Na ce kada ka wuni da yunwa, na ɗauka na bi sawunsa. Ina tsakiyar gonakin sai na ji ƙarar mota, na faɗa bayan sabara."

"Zara'u," in ji Manzo.

"Motar sojoji ce, tana tahiya a hankali kamar ana jan ta. Ka san mi ya sa? Don akwai mutum a gabanta yana tahiya a ƙasa. Da sandarsa. Da ya kai inda ake hango rumbun ya tsaya, ya ɗaga sandar ya nuna, ya juya baya."

Hannun Yahaya ya fara saki.

"Wa?"

"Ka san sandar. Mai kan tagulla."

Inna ta koma kan turmin ta zauna, ba tare da ta duba ko yana wurin ba.

"Ƙarya ne," in ji Yahaya. "Shi ya kitsa miki wannan."

"Shi a lokacin yana Maradi wurin kawunsa. Ni na faɗa masa, bayan wata da watanni, don abin ya kusa kashe ni. Ya ce kada Inna ta ji, kada kai ka ji, gara a ce shi ne. Shi ya sa na aure shi, Yaya. Ba ba da ni aka yi ba. Ni na ce ina so."

Yahaya ya saki rigar gaba ɗaya. Ya dubi hannunsa, ya dubi Manzo.

A lokacin ne suka ji gyaran murya daga zaure.

*

Maigari Mahmudu ya shigo a hankali. Babu wanda ya san tun yaushe yake tsaye a wurin. Ya dubi matan da ke leƙe ta bayan danga, kallo ɗaya, suka watse.

Yahaya bai durƙusa ba wannan karon.

"Baba, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

Ko muryarsa ba ta yi rawa ba.

"Kai ka kai su."

"Ni na kai su."

"Da ƙafarka."

"Da ƙahwata."

Yahaya ya matso kusa da shi. Da maganar ta fito, a dishe ta fito.

"Kai ka sayar da shanunka ka kai ni lakkwal. Da mutanen gari suka ce boko ɓata yaro yake, kai ka tsaya. Ranar da na samu jami'a kai ka ce min in je in koyo yadda kuɗin gwamnati ke tahiya, don a daina cutar talaka a duhu. Na koyo. Na faɗa. Shi ne laifina?"

"Ba laihi ka yi ba."

"To don mi?"

Dattijon ya dogara da sandarsa.

"Kana cikin rumbu, ba ka ga abin da munka gani ba. Laftanan da ya kama ka ya zo da kamyo cike da dawa ta taimako. Ya tsai da ita bakin gari, inda kowa ke ganinta. Ya ce ba a sauke ko tiya ɗaya sai an hiddo ɗan maigari. Ya sa soja ya zauna bisa buhunan da bindiga. Mata na zuwa da ƙore su zauna cikin rana suna kallon motar. Ba su ce min komi ba. Kallona kawai suke."

"Sai ka zaɓe su."

"Na ƙi da hwarko. Na ce ban san inda kake ba. Ranar munka rufe ɗiyan Sale biyu. Wanshekare munka rufe matar liman. Da anka zo aka ce min ƙanenka Bilal ya daina kuka, ba don ya ƙoshi ba, na ɗauki sandata."

Inna ta ɗago kai a karon farko.

"Bilal ai ya mutu duk da haka."

"Ya mutu."

"Ka ba da babba, ƙaramin ma ya tahi. Kuma ka bar ni ina tsine wa yaron mutane dare da rana, kana kwance gehena kana ji."

"Talatu..."

"Kana ji, Malam. Har amin kake cewa."

Maigari ya ɗauke kai daga gare ta. Ɗansa ya fuskanta.

"Ba gahwara na shigo nema ba. Ni uban gari ne kahin in zama ubanka. In yau sunka dawo da motar nan, sunka tsai da ita a wurin nan, zan sake ɗaukar sanda."

Yahaya ya ja da baya har ya daki bango. Numfashinsa kawai ake ji.

"To mi ya hana ka faɗa? Ka ga ana zagin wannan, ka ga na tahi da shi a zuciya. Da na fito da wuƙa fa? Da na soke shi tun a ƙofar gida?"

"Wannan shi ne abin da ban da amsarsa."

Manzo ya sunkuya ya ɗauko hularsa daga kwatami, ya riƙe ta a hannu tana ɗiga.

"Yahaya, ka saurare ni. Akwai maganar da ta fi wannan gaggawa."

"Babu."

"Akwai. An ce ɗaliban da aka saki za su iya komawa su zauna egzama na ƙarshe da 'yan bana. Na bi maganar tun kafin ka fito. Na je na ga mushen da ya koya mana kuɗin ƙasa, har yanzu yana tambayarka. Ya ce bai sake samun ɗalibi kamarka ba. Littattafanka duk suna cikin akwatina, ko ɗaya ban yar ba. Hannun ma ba matsala ba ne, ya ce za a ƙara maka lokaci."

Wani abu ya motsa a fuskar Yahaya, ya yi sauri ya danne shi.

"Haka kawai?"

"Ba haka kawai ba. Sai uban ɗalibi ya kai shi gaban kumandan na yankinsu, ya tsaya masa. Kuma ranar kasuwar nan mai zuwa ake rufewa."

"Wane kumandan?"

Manzo ya dubi surukinsa. Maigari ne ya amsa.

"Laftanan nan ne. An ƙara masa girma."

Zara'u ta dafe bakinta.

"Na riga na je wurinsa," in ji dattijon. "Ya yarda. Amma ya ce maganar da ka yi a bainar jama'a, a bainar jama'a za ka janye ta. Za ka durƙusa gabansa a ƙofar buro, ofishinsa, gaban masu gari duka, ka ce lissahin da ka yi ƙarya ne, ƙuruciya ce."

"Lissafin daidai ne."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Ban yi lakkwal ba, amma ina zuwa kasuwa. Daidai ne. Ka ce ƙarya ne."

"Baba, yatsuna biyu aka karya don in faɗi haka, ban faɗa ba."

"Lokacin kai kaɗai ne. Bana ma ruwa ya ɗauke tun gero bai yi kai ba. Sunan garinmu cikin masu samun taimako na hannunsa. Ya ce in ka zo, kai ka samu karatunka, gari ya samu rabonsa. In ba ka zo ba, ya gane har yanzu gidan maigari bai yi laushi ba." Ya gyara tsayuwa. "Ban taɓa roƙonka komi ba. Yanzu ma ba roƙo ba ne. Jibi da sahe za mu tahi, ni da kai. In ka ƙi, ka nemi wani uban."

Yahaya ya dubi Manzo. Manzo ya kawar da kai.

Ya dubi Zara'u. Hawaye ne kawai ke zuba a fuskarta.

Sai Inna ta miƙe daga kan turmi. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta zo ta tsaya tsakanin uba da ɗa, ta ba mijinta baya, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidansa.

"Yahaya, dube ni."

Ya dube ta.

"Ka ji na ubanka. To ji nawa. In gwiwarka ta taɓa ƙasa gaban mutumin nan, ban yahe maka nonon da ka sha ba."